Safara'u a Kan Lilo

Mutanen da suka taru gaban allon hotuna a bakin kasuwar Wudil, dariyar Safara'u kawai suka kalla. Ba su lura cewa babu ɗan kunne a kunnenta, babu kwalli a idonta ba. Wata biyu ke nan da rasuwar mijinta, tana cikin takaba.

Safara'u mutuniyar Kausani ce, aure ya kawo ta Wudil gidan masunta. Shekarar da sojoji suka koma bariki, wani ɗan kasuwa, Alhaji Ɗantani, ya kewaye fili kusa da kogi, ya kafa lilo da dawakan ƙarfe masu juyawa don yara. Ita ya ɗauka shara. Shekara uku tana sammako bayan sallar asuba, ta kwashe ɓawon rake da ledar alewa kafin a buɗe ƙofa. Da wannan tsintsiyar take ciyar da 'ya'yanta huɗu.

Da mijin ya rasu, yayansa Halliru ya ce ta zauna a ɗaki. Sai da limamin unguwa ya sa baki, ya ce fita neman abinci ba laifi ba ne, sannan Halliru ya yarda da sharaɗi: ta je, ta share, ta dawo, ba tsayawa.

Wata safiya bayanta ya riƙe, ta zauna kan lilo ta huta. Ƙafarta ta tokari ƙasa, lilon ya yi baya da ita ya dawo. Iska ta cika mayafinta. Ta sake tokarawa, dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun ranar jana'iza. Ta sauka ta ci gaba da shara.

Ba ta san Ayuba yana bayan shinge ba. Ma'aikacin ɗakin karatu ne a sabuwar jami'a, ɗan Zonkwa, yana taɓa ɗaukar hoto ranakun kasuwa. Fitowar rana kan kogi ya zo ɗauka, saura hoto ɗaya a fim ɗinsa. Ya waiwaya ya hango ta, ya danna. Da aka wanko daga Kano, ya manna shi a saman allonsa, yadda masu hoto ke nuna gwanintarsu.

Kafin azahar labari ya iso gida. Halliru ya tsaya a tsakar gida yana huci.

"Kabarin ƙanena bai bushe ba, kina shillo kamar 'yar shekara bakwai? Daga yau kada ƙafarki ta taka soro."

"Yaya, hutawa na yi."

"Hutawa da haƙora talatin da biyu a waje?"

Yana juya baya ta ja mayafi ta fice. Ta ratsa 'yan kifi da 'yan tukwane, ba ta amsa gaisuwar kowa ba, har gaban allon.

"Kai ne mai hoton?"

Ayuba ya miƙe yana murna. "Mama! Ke ce? Tunda nake ban taɓa ɗaukar mai kyansa ba."

"Mai kyau? Ka shanya ni a kasuwa kamar kilishi, kana cewa mai kyau? A garinku ba a sallama kafin a ɗauki mutum?"

"Mama, ai dariya kawai kike..."

"Takaba nake!"

Murnar ta gudu daga fuskarsa. Ya ɓamɓare hoton, ya lalubo fim ɗin a jaka ya haɗa mata, ya ce zai je ya ba Halliru haƙuri da kansa.

"Ka je su ce ga saurayin nata ya zo? Zauna inda kake."

Daga nan ta wuce wajen Alhaji Ɗantani. Ya ce ɗan saƙon Halliru ya riga ta zuwa, shi kuwa ba ya shiga rigimar dangi, ya ba wata mata, Talatu, tsintsiyar. In ta fita takaba a gani. Ta san ba abin da za a gani.

A gida ta jefa fim ɗin a murhu, ya naɗe yana wari. Ta ɗaga hoton za ta bi da shi, ta tsaya. Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, ɗan banzan yaron bai yi ƙarya ba. Ta cusa shi ƙasan kwallar kayanta, ta jawo faifai ta hau tsintar wake.