Allura Biyu a Faranti Ɗaya

Shekarar da zazzaɓin taifot ya kwantar da ni, na tashi da komai nawa sai abu ɗaya. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, har ina jan guga a garkar albasarmu ta wajen Galma tun safe har azahar. Amma abin da ke sa namiji ya shiga ɗakin matarsa da sakin fuska ya ƙi dawowa. Matata ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ni kuwa shirun nan ya fi zagi ci mini rai, don ni mutum ne mai saurin zargi. Ko tuwo ta ajiye mini a hankali sai in ce tausayina take ji.

Na sha saiwoyi har cikina ya gaji. Sai wata rana direban kamyon da ke kwasar mana albasa, yana ta zuba ba da ni yake ba, ya ce akwai wani tsohon majo a Tamaske, wanda ya yi aikin jinya a soja, yana sabunta wa maza jini. Wai ya ja jininka daga hannu, ya gauraya da wani jan ruwa na ƴar kwalba, ya mayar maka a ɗuwawu, sai jiki ya farka, jijiyoyin da suka mutu su sake tsirowa. Na yi kamar ban ji ba. Ran kasuwar Tamaske ta gaba ina cikin mota, na ce wa gida zan je duba irin albasa.

Gidan yana bayan kasuwar dabbobi. Maza ne zaune a zaure, kowa ya ja rawani har ƙasan ido kamar dukanmu Buzaye ne, alhali wasu da ganin naɗin ka san ranar suka fara. Ba mai gaida wani. Majon ma ba ya tambayar suna, shi ya sa ake son sa. Bibbiyu yake shigar da mutane don ya yi sauri.

Wanda muka shiga tare ban ga fuskarsa ba, amma da ya naɗe hannun riga na ga hannun. Fata ce da ƙashi, da baƙaƙen tabo, ga tari. Ya ce wa majo ƙasa-ƙasa daga Abijan ya dawo, kuma zawo ya ƙi barin sa. Majo ya ja jininsa, ya ja nawa, ya jera alluran gilas ɗin biyu a faranti ɗaya, wai jinin ya ɗan huta. Sai aka yi ihu a waje, wani bijimin sa ya tsinke ya shigo lungun. Majo ya leƙa, ya dawo yana dariya, ya ɗauki ɗaya.

Na ce, "Majo, ka tabbata wagga tawa ta?"

Ya ce, "Malam, tun ba ka yi gemu ba nike aikin ga. Juya."

Na juya. Ni da nake iya tsayar da ciniki a kan albasa ɗaya da ta ruɓe, na kasa sake buɗe baki, don kada muryata ta kai zaure wani ya gane ta.

Bayan ƴan makonni abin ya dawo. Ko allurar ce, ko jikin ne ya gama murmurewa, Allah masani. Na yi murna irin ta yaro, na manta da hannun mutumin nan sarai. Kafin damina ta faɗi matata ta sami ciki, bayan yaranmu biyu da suka riga suka tasa.

Ina cikin rudu, rumbun da muke ajiye albasa, ina juya ta ina fitar da ruɓaɓɓu, rediyo na rataye, sai aka shiga bayani a kan sida, wato ƙanjamau. Aka ce rama, aka ce zawon da ba ya tsayawa, aka ce jinin wani in ya shiga naka. Na zauna daɓas a kan albasar. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba. Na rufe ido ina neman in tuna wacce ce a dama, wacce ce a hagu. Faranti na gani sarai, amma alluran duk iri ɗaya ne.

Daga ranar na zama mai gadin jikina. Kullum sai na zagaye damtsena da yatsu in ji ko ya ragu. Cikina ya ɗan murɗa sai zufa ta karyo mini. Na sake ƙaurace wa ɗakin matata, na daina shan fura a ƙwarya ɗaya da yara. Mutuwata ba ta dame ni kamar cikin nan da ke girma ba. In ta wuce da tulu sai in ga kamar ni na haƙa mata kabari, ita da abin da take ɗauke da shi.

Ita ta same ni a garka, ta ajiye furar, ba ta tafi ba.

Ta ce, "Maigida, da can na san ciwo na, shi yas sa ban ce komi ba. Yanzu lahiyakka lau. Mi ni yi maka?"

Na faɗa mata duka, ina kallon ruwa yana bin magudana. Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta ɗaura gyalenta da kyau ta ce gobe za mu asibitin mishan, mu biyu.

Mai ɗibar jinin wani Kirista ne, ɗan yankinmu, mai magana a hankali. Ya buɗe sabuwar allura a gabanmu, kowa da tasa, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Kwanakin da muka jira ban san ɗanɗanon abinci ba. Ranar da muka koma, ya kira mu ciki. Ya ce ba a ga komai ba, ni da ita. Ya ƙara da cewa allurar Tamaske ba ta tsirar da jijiyar kowa. Ban ma ji haushi ba, hamdala kawai nake yi kamar wanda aka ciro daga rijiya.

Muna bakin hanya muna jiran mota, ina ta surutu, ina cewa in saya mata tsire, ita ko hannunta a kan cikin. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Da abin ga ya kama mu, mi za ka ce ma ɗiyanka ya kashe uwassu?"

Motar ta zo muka shiga. Har muka sauka a Galma ina neman amsar da mutum zai iya faɗa wa yaro.