Baturen da Ya Ƙi a Bar Masa Langa

A unguwar Misfala ta Makka na tashi, a ɗaki biyu can saman wani tsohon gida. Bayan magariba Kaka takan hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta damu da tatsuniyar dabbobi ba. Labarin Baturen Sawakin ta fi so, mun ji shi har mun haddace, amma wa ya isa ya ce mata haka?

Tana 'yar shekara bakwai ayarinsu ya iso Sawakin, bakin teku a Sudan, bayan doguwar tafiya daga Kano. Wani Baturen Ingila ne ke ba da takardar shiga jirgin Jidda, kuma ya fi wata yana ja musu rai. Ran nan ya tarar da mazan ayari suna langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle yana bangazar ɗan'uwansa. Sai ya tuɓe hula ya ce shi ma a sa shi.

"Ingilishi fa, ya waladi, ɗana, ko jana'iza za shi, in ya ga wasa sai ya tsaya," in ji Kaka.

To, a wurinmu ba a kayar da babba a gaban jama'a. Duk wanda Bature ya taɓa sai ya zube da gangan. Da ya gane, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, ya ce an raina shi, ba wanda zai ga takarda. Nan mahaifin Kaka ya ce tunda abin ya lalace, bari ya huce haushinsa. Kafaɗa ɗaya ya ba shi, sai ga Bature a ƙasa. Mata suka fara salati. Shi kuwa ya tashi yana dariya, ya miƙa hannu, kafin la'asar ya sa wa ayarin duka hannu a takarda.

"Khalas, shi ke nan," Kaka takan ce. "Ka yi wasanka da gaskiya, ƙofa za ta buɗe."

Na yarda da ita, har cikin raina. Na buga ƙwallo a lungunan Misfala har ba mai kama ƙafata. Ina shekara goma sha bakwai na je gwaji a wani kulob, na ci biyu. Kocin ya dafa kafaɗata, ya ce gobe in zo da ikama, wato takardar zama. Ba ni da ita. Babana ma bai taɓa samu ba.

Yau na haura arba'in, keken tsofaffin alhazai nake turawa, ina kauce wa masu duba takardu. Ina kallon ƙwallon Ingila a waya, in ga wanda aka ci yana miƙa hannu, sai baƙin ciki ya tokare ni. Ban ce Kaka ta yi ƙarya ba. A zamaninta mai riƙe da ƙofar mutum ne, yana fushi, yana dariya, ana iya kai shi ƙasa. Ni na'urar ɗaukar yatsa ce ke jirana, ita kuwa ba ta wasa da kowa.