Lallen Gidan Baba Sali

Baba Sali mutumin Marwa ne, amma a nan unguwar New Bell ta Duwala ya tsufa. Shekara talatin yana gadi a tashar jiragen ruwa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Matarsa Hapsatu, Allah ya kai haske kabarinta, ita ta dasa lalle a jikin katangarsu. Da ranta gidan nan ba ya rabo da mata. Mai biki, mai suna, kowacce ta shigo ta tsinka, a zauna a sha shayi, shi ma a gaishe shi. Tana rasuwa, ɗif. To wace mace za ta shiga gidan namiji shi kaɗai? 'Ya'ya kuwa ɗaya na Yawunde, ɗaya na can unguwar PK 14 a bayan gari, sai waya ranar Juma'a.

Ruwan saman Duwala kun san shi. Lalle ya yi ta tashi har ya tsallake katanga, mata suka koma tsinka daga lungu. Yana kan tabarma yana jin hirarsu da dariyarsu, ba mai yi masa sallama.

Sai bawan Allah ya yi dabara. Ya ce in babu reshe a waje, ai dole a ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ari adda wajen maƙwabcinsa Tahir tela, ya yi bismilla, ya sassare rassan nan kaf, ƙaya duk ta yayyage masa hannu. Da gindin ya samu rana, ya tona ƙasar ya binne 'yan ƙananan albasa, wai wadda ta shigo ta tafi da na miya.

Tahir ya leƙo. "Baba, albasa a Duwala? Da wannan ruwan? Kunu za ka girba!"

"Kai dai riƙe allurarka, ɗan birni. Ka taɓa ganin gona?"

Sati uku, sati huɗu, ba wadda ta ƙwanƙwasa. Ashe sun koma sayen na leda a kasuwa. Lungu ya yi tsit, ko dariyar da yake ji a da babu. Albasa rabi ta ruɓe, rabi ta yi ganye.

Rannan suna fitowa daga sallar la'asar ya kama hannun Tahir.

"Ɗana, wata nawa lalle ke yi ya kamo kan katanga?"

"Wallahi ban sani ba, Baba."

"To. Allah ya nuna mana."

Ya shiga gida, ya bar ƙofar a buɗe.