Surukina a Gaban Allo

Ban koma makaranta don sha'awa ba, kada ma in yi ƙarya. Daga ofishin ilimi aka aiko mana cewa duk malamin firamaren da ba shi da babbar takardar koyarwa ya je ya nemo, in kuwa wa'adi ya cika bai kawo ba, to ya ba wasu wuri. A lokacin na haura arba'in, har da jika a hannu, na kuma daɗe ina koyar da 'yan aji biyu a wani ƙauye kusa da Roni da 'yar tsohuwar takardata. Aikin nan shi ne rufin asirina. Maigida ya ce in je, na ce to, amma a raina mita kawai nake yi.

Kwalejin a Kazaure take, karatun Asabar da Lahadi aka ba mu. Da sassafe nake hawa babur zuwa bakin titi, in samu mota zuwa Kazaure. Komai na wurin nan juya min kai yake yi. A ce ka je wancan ofis, ka je a ce ai ba nan ba ne, sai ɗakin kwamfuta. Yara sa'o'in 'ya'yana suna ta latsa waya suna gama abu kafin in gane me ake nema. Ni da na saba tsayawa a gaba da alli a hannu, in daka tsawa aji ya yi tsit, ga ni a benci gwiwa ta tokare tebur, ana ce min in yi shiru malam na zuwa. Allah ya haɗa ni da wata malama daga Gwiwa, tsarata ce, bakinta ba ya shiru. Tare muke zama, tare muke ɓata.

Na san mijin 'yata ta fari yana koyarwa a kwalejin. Kafin in sa ƙafa sai da na sa aka bincika min, aka ce shi ɗaliban rana yake ɗauka, ba ruwansa da 'yan ƙarshen mako. Na ce alhamdulillahi. Don mu a gidanmu, 'yar fari ko sunanta ba na kamawa, balle mijinta. Tun da aka ɗaura aurensu ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, shi ma bai taɓa kallon nawa ba. In ya zo gaisuwa daga ƙofar ɗaki yake durƙusawa, in amsa daga ciki, a tambayi gida da aiki, shi ke nan. Ko ruwa ba ya sha a gabana.

Zango na biyu, malamin da ke koya mana lissafi ya tafi ƙaro karatu. Muna zaune ran Asabar ana jiran sabon malami, ina ta hira da mutuniyar tawa ta Gwiwa, ina ma cin gyaɗa, sai ga mutum ya shigo da littattafai a hammata. Na ɗaga kai. Innalillahi! Shi ne.

Shi ma ya gan ni. Ya tsaya cak, ya koma da baya har bakin ƙofa, ya cire takalmansa, sannan ya durƙusa a gaban aji guda.

"Umma, ina kwana," ya ce, kai a ƙasa.

'Yan aji da suka miƙe don girmama malami suka rasa abin yi. Wasu suka koma suka zauna, wasu suka ci gaba da tsayuwa, wata yarinya ma durƙusawa ta yi ita ma, ba ta san wa ake gaisarwa ba. Ni kuma na riga na fara miƙewa tare da su, sai na tuna suruka ba ta miƙe wa suruki, na koma, sai kuma na tuna ɗaliba ce ni. Haka na maƙale tsakanin tsaye da zaune, gyaɗa na zuba daga cinyata. Na ja hijabi na rufe rabin fuska na ce, "Lafiya lau."

Mutuniyar ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ke, wane ne?"

"Mijin yarinyar nan ne," na ce.

Ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Wallahi da ba a aji muke ba da na kai mata duka.

Daga ranar karatun lissafi ya lalace min. Ba takalmi yake koyarwa, a tsaye can ƙarshen allo, nesa da layinmu. Bango yake fuskanta ko tagar da ke ɗaya gefen. Muryarsa kuwa ƙasa-ƙasa, don ba a ɗaga murya a gaban suruka. In ya yi tambaya zai bi layi-layi, da ya iso namu sai ya tsallake gaba ɗaya. Na koma bencin baya don ya sake, sai ya daina kallon baya ɗungurungum, samarin can suka samu damar barci.

Ga lissafin da aka kawo ba irin wanda na sani ba ne. Ni na san tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, su nake koya wa yara da duwatsu da tsinken tsintsiya. Nan kuwa haruffa ne suka shigo cikin lambobi. Wai lamba in ta tsallake alamar daidai zuwa ɗaya gefen sai ta sauya hali, ta tarawa ta zama ta ɗebewa. Don me? Wa ya ce mata ta tsallaka? In ta sauya, ina ta da ɗin ta tafi? Tambayoyi cike da bakina, amma wa zan yi wa? Hannuna yakan fara ɗagawa da kansa, sai in mayar da shi in gyara hijabi. Na tambayi mutuniyar, ta ce ita haddacewa take yi, ba ta neman dalili.

Na kai wa maigida kuka. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "To ki nemi a sauya miki aji mana." Na nema, aka ce aji ɗaya ne, malami ɗaya, kuma duk wanda ya faɗi lissafi ba takarda sai ya sake zagayowa wata shekarar. Wata shekarar kuwa wa'adinmu ya wuce.

Sai muka bi ta hannun 'yata. In faɗa wa ƙanwarta abin da ya ɗaure min kai, ita ta buga wa yayarta waya, yayar ta tambayi mijinta, amsa ta biyo hanyar da ta je. 'Yata kuwa ɗinki ta iya, ba ruwanta da lissafi. Kafin bayani ya iso gare ni ya zama wani abu dabam. Akwai ranar da saƙon da ya iso shi ne, wai in ɗauke na dama in kai hagu, in ya ƙi in bar shi. In bar shi ina? Na zauna da littafi a tsakar gida ina juya maganar har miyata ta kama.

Aka yi ƙaramin gwaji a tsakiyar zango. Da aka dawo da takardu, ta kowa ta sha jan biro, wasu har da faɗa a gefe. Ta mutuniyar an zagaye mata kurakurai an rubuta gyara. Tawa ta dawo fes yadda na ba da ita. Ba kuskure ba daidai, ba maki, ko ɗigon ja babu. Shugaban aji ma aka ba ya miƙo min da hannu biyu.

"Kin ga gata," in ji mutuniyar. "Ke ba a taɓa ki."

Raina ya ɓaci sosai. Wane irin gata? Na san ban yi daidai ba, amma ban san a ina ba. Ya kasa ɗora jan biro a kan rubutun surukarsa, ni kuma jan biron nan shi nake bukata. Duk hanyar komawa Roni ina ta faɗa da shi a zuciyata, in na gama kuma in ce, yo me ya yi in ba tarbiyya ba? Da ya zabga min ja, da ba ni ce zan fara cewa yaron nan ba shi da kunya ba? Na kasa gane wanne nake so.

Asabar ta gaba ya rubuta lissafi a allo ya ce wa zai gwada. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na taka har gaba, shi kuma ya ja da baya har ya jingina da ƙofa. Allin ma a kan tebur ya ajiye min, bai miƙo ba. Na yi abin da na iya, na ja layi a ƙasa.

"Malam, daidai ne?" na ce, ina kallon allo.

Can ya ce, "Umma, an yi ƙoƙari."

"Ba ƙoƙari na tambaya ba. Daidai ne ko ba daidai ba?"

"Akwai dai ɗan abin da za a duba."

Nan haƙurina ya ƙare. Na juyo na kalle shi, karo na farko a rayuwata, na ga ashe yana da ɗan tabo a gira. Na ce, "Haba Malam! Aikina zan rasa fa. In na koma gida ka durƙusa min yadda ka ga dama, amma nan in na yi kuskure ka ce na yi kuskure. Kunyar nan taka za ta kore ni daga aiki."

Gumi ya karyo masa. Ya share da hannun riga, ya ce da wata murya da ban san yana da ita ba, "Ba daidai ba ne. Tun daga layi na biyu aka ɓata."

Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Ni na roƙa, amma da ya faɗa sai na ji haushi ya turnuƙe ni, wai yaron nan ni yake gaya wa haka a gaban mutane. Na danne. Ya ɗauki wani allin ya tsaya nesa da ni, ya ce in tuna sikelin mahauta a kasuwa. Babu abin da ke tsallakawa ko'ina. Abin da ka cire a wannan gefe shi za ka cire a wancan, don kada sikeli ya karkata. Ai sai na ji wani abu ya ɗan buɗe a kaina. Ba duka ba, amma ya buɗe.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Yayata ta zo takanas washegari da yamma, ko zama ba ta yi ba ta fara. "Ke yanzu da girmanki ki tsaya gaban yara ki ɗaga wa surukinki murya? Boko ne ya mayar da ke haka?" Na buɗe baki in kare kaina, sai na ji rabin zuciyata yana tare da ita. 'Yata ma ta ɗauke min ƙafa na ɗan lokaci, ba fushi ba, ita ma ta rasa ta inda za ta dube ni.

A aji kuwa abubuwa suka ɗan daidaita. Ya ci gaba da cire takalmi, amma murya ta fito. Yakan kira ni da "layin baya", in amsa. Wani lokaci in yi daidai, sau da yawa in ɓata, ya faɗa a gajarce yana kallon ƙasa. Sai dai lokaci ya riga ya ƙure, abin da aka wuce da shi a farkon zango ya wuce ni.

Ranar babbar jarrabawa na yi wasu tambayoyin da tabbaci, wasu na yi ta zagaye, akwai kuma wadda na bari fayau ban taɓa ba. Na fito ina ce wa mutuniyar in fara neman jarin ƙuli-ƙuli kawai.

Da sakamako ya fito, na ci. Da ƙyar, daidai kan makin ƙarshe da ake tsallakewa da shi, ba ɗigo a sama. Mutuniyar, wadda ta fi ni cika takarda, ta faɗi. Ta rungume ni ta yi min barka da zuciya ɗaya, sannan ta ce cikin raha, "Ni ma bari in nemi malami in ba shi 'yata." Dariya ta yi, na yi. Amma maganar ta zauna min a ƙirji.

Na kai takarda ofishin ilimi, aikina ya tsira. Kowa na murna, maigida har kaza ya sa aka yanka. Ni kuwa in na zauna sai in yi ta sake lissafa amsoshina a kai. Wata rana su kai ni, wata rana su kasa.

Da 'yata ta sake haihuwa, ran suna surukin nawa ya shigo gaishe ni. Na bari mata suka ɗan ragu, na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, makin nan, nawa ne na kaina?"

Ya ce, "Umma, takardu da yawa na duba. Ba suna nake kallo ba."

Na so in yarda. Sai dai ya san rubutuna sarai, kuma na san ko da ya ɗaga ni ne, amsar da zai ba ni ke nan, ba zai taɓa ba ni wata ba har ɗayanmu ya bar duniya. Mata suka fara dawowa da kwanukan abinci. Na ce masa Allah ya raya, Allah ya yi albarka.