Taƙi Ɗaya, Hannu Tara

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Asabar, aka buɗe taron a tsakar gidan Hajiya shugabar ƙungiyarmu, a nan Jega. Ƙarfe huɗu daidai na sa a takarda, amma sai da aka jira Hajiya ta gama ɗaura ɗankwali. Mu tara ne: Hajiya, da ni mai riƙe da littafin taro, da matar malam wadda ɗan kabu-kabu ke kawowa a babur daga Katanga, da wata Bafulatana da aure ya kawo gari daga Gumbin Kure, sai wasu biyar da ba su faɗi abin da ya cancanci tawada ba. Inna ba ta zo ba. Da gangan aka ƙi aika mata, domin maganarta za a yi.

Aikin ƙungiyarmu haɗa ƙyallaye ne. Muna karɓar guntayen atamfa da shadda daga wurin teloli, mu yanka, mu haɗa da allura, mu sa auduga da shafi ya zama bargo. Inna ce ta koya mana, tsohuwa mai ƙarancin magana, wadda ba a taɓa ganinta babu kwandonta ba. A cikin kwandon akwai almakashi, da zare, da alli, da wani guntun karan dawa da ya yi baƙi saboda riƙo. Mu duka mun ɗauka na korar kaji ne.

Ɗanta ya aiko cewa zai zo ya ɗauke ta ta koma wurinsa a Maiyama, saura Asabar shida. Shi ya sa muka ƙudurta mu yi mata bargo ɗaya da hannun kowa a ciki, irin wanda za ta shimfiɗa a gaban baƙi a can, a ga shekarun da ta yi tana fama da mu ba su tafi a banza ba.

Abu na farko a takardata shi ne kowa ta faɗi abin da za a riƙa yi a tarurruka shidan. Wata ta ce a riƙa kawo dambu. Wata ta ce dambu ba ya tafiya sai da zoɓo. Wata ta ce a riƙa kallon matan Turai a waya, a ga yadda suke nasu haɗin. Matar malam ta ce a riƙa buɗewa da gajeriyar nasiha, kuma kowa ta san wadda za ta yi ta, ta kuma san gajartarta. Hajiya ta ce a fitar da anko, a ɗauki hoto. Na ƙirga shawara goma sha ɗaya, bakwai daga ciki abin taunawa ne. Babu wadda ta ambaci allura.

Sai na karanta nawa tsarin. Asabar ta farko a zaɓi ƙyalle a wanke. Ta biyu a zauna tare a yanka. Ta uku da ta huɗu kowa ta haɗa layinta, yanki shida mai kusurwa huɗu. Ta biyar a haɗa layuka tara, a sa auduga da shafi. Ta shida a miƙa wa Inna. Aka amince nan take, domin an shigo da gyaɗa.

Abu na biyu shi ne awo. Na ce kowane yanki ya zama inci takwas, a auna da tef. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa.

"Malama," ta ce, haka take kirana idan za ta kayar da maganata, duk da ta san a aji shida na tsaya, "mi ya haɗa mu da inci? Teloli ne mu? Uwayenmu a Aliero da taƙi sunka san awo, kuma ba su kwana tsirara ba."

Aka yi dariya, aka ce taƙi. Taƙi kuwa kowa ya san shi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya idan an buɗe hannu. Na rubuta taƙi ɗaya tsawo, taƙi ɗaya faɗi. Ban rubuta taƙin wa ba. Wannan laifina ne, kuma ban goge shi daga littafin ba.

Asabar ta farko an zaɓi ƙyalle, an yi faɗa sau biyu a kan wata shuɗiyar shadda. Ta biyu ta faɗo ranar sunan jikan ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, aka ce kowa ta yanka a gida. Ta uku aka zo hannu wofi, kowa na tsoron kada a kwaikwayi launinta, aka kalli matan Turai har cajin waya ya ƙare. Ta huɗu aka ci dambu, matar malam ta yi nasiha a kan kyautata aiki har aka kira magariba. Duk ranakun nan ina tambayar ina layuka, ana ce mini in kwantar da hankalina.

Asabar ta biyar aka shimfiɗa tabarma, kowa ta kwance ƙullinta. Na jera layuka tara ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Babu layi biyu da suka zo daidai. Bafulatanar nan doguwa ce, yatsunta kamar ludayi, layinta ya wuce gefen tabarma. Matar malam kuwa hannunta bai fi na 'yar shekara goma ba, layinta ya gaza na Bafulatanar da fiye da yanki guda. Sauran suna tsakani, kowa da tsawon da Allah ya yi wa yatsunta.

Matar malam ta ce taƙinta shi ne na gaskiya, domin hannunta bai taɓa ƙari a awo ba. Bafulatana ta ce ita ma ba aron hannu ta yi ba, da shi aka haife ta. Aka ce a rage manya, masu manya suka ce sai dai a yanke musu yatsu. Aka ce a ƙara wa ƙanana gefe, masu ƙanana suka ce ba za a yi wa aikinsu faci ba tun bai tsufa ba.

Layi ɗaya ne kawai ya miƙe sambal, na Hajiya. Ta fara bayani a kan yadda matan Aliero ke da ido. Ni kuma na juya layin don in duba ɗinkin. A bayan kowane yanki an rubuta takwas da alli, kuma ɗinkin na keke ne.

"Hajiya," na ce, "taƙin telan naki inci takwas ne cif. Allah ya yi masa hannu."

Ta ce ƙugunta ne ke ciwo a makon, ta tashi ta tafi duba zoɓo. Ba ta dawo ba sai da maganar ta wuce.

Lokacin sake yanka ya ƙure, don haka na yi abin da na iya, wato jeri. Na sa mafi tsawo a sama, mai bi masa a ƙasa, har zuwa na matar malam a ƙarshe. Muka haɗa, muka sa auduga da shafi, muka gama a kwana uku. Abin da ya fito bargo ne mai faɗin kai da tsukakkiyar ƙafa, kamar mazurari.

Asabar ta shida Inna ta zo da kwandonta, motar ɗanta na jira a ƙofar gida. Hajiya ta yi jawabi cikin anko. Aka warware bargon. Inna ta durƙusa, ta bi layukan da hannu ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin mai kowane layi ba tare da an gaya mata ba. Da ta zo kan na Hajiya sai ta ce wannan ba ta san shi ba, ba ɗalibinta ba ne. Daga nan ta ciro guntun karan nan ta ɗora a kan wani yanki.

"Shekara nawa kuna ganin wanga a hannuna?" ta ce. "Duk ƙyallen da na taɓa yanka muku, da shi na auna. Ba wadda ta tambaye ni ko na mi ne. Dambu dai kunka tambaya."

Matar malam ta ce mun ɗauka na kaji ne. Inna ta ce ai kajin sun fi mu lura, su sun san shi.

Ta naɗe bargon ta ce za ta rufa da shi, tun da mutum ma ya fi faɗi ta kafaɗa. Amma a gaban baƙi ba za ta shimfiɗa shi ba, kuma idan aka tambaye ta a Maiyama wa ya koya wa masu wannan aiki, za ta ce ita ma tana neman sani. Ta miƙo mini karan, ta ce in yanka wa kowa irinsa, sannan ta shiga mota.

Na ajiye shi a kan littafin taro na fita rakiya. Ko da na dawo, littafin na nan, kwanon dambu na nan, karan babu. Na tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ce ba ta gani ba. Ban ce Hajiya ce ba, na dai rubuta cewa a gidanta ne. Tun daga ranar nan ƙungiya ba ta sake yanka ƙyalle ba, domin na ƙi rubuta taƙi, su kuma sun ƙi inci.

Ke da kike karanta wannan, idan kina cikin mu tara kuma karan yana wurinki, ki kawo shi ranar Asabar ƙarfe huɗu daidai, ki ajiye a kan littafin kafin in shigo. Ba zan rubuta ko wace ce ba. Idan kuma kin riga kin hura wuta da shi, ki shiga motar Maiyama ki gaya wa Inna da bakinki, ki karɓo mana wani.