Baiwar Baba Ishaya

Baba Ishaya bai iya wa'azi ba, in kuwa ya sa baki a waƙa, sai mawaƙan coci su rikice. Idan ana zancen baiwar Ruhu, yakan ce shi tasa tsayuwa ce. A kamfanin fata na Challawa, duk Juma'a shi ke tsayawa kan injin abokan aikinsa Musulmi har su sauko daga masallaci, bai taɓa goranta musu ba.

Ranar binne shi, fasto na karanta alkawarin tashin matattu, ma'aikatan suka jeru cikin rana. Aka kawo musu benci. Usaini, babbansu, ya girgiza kai ya ce, "Ku bar mu, Fasto. Yau tsayuwar tamu ce."