Babayo, Direban da Ya Cika a Kan Gadonsa

Mai karatu, kafin in fara kuka, ga kacici-kacici. Mene ne abin da bai kai tsawon yatsa ba, jariri ma yana ɗaga shi, amma dattijo ya yi kwana tara yana kokawa kafin ya iya ajiye shi? Riƙe wannan a ranka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan azumi, daidai da 14 ga Fabrairu 1995, Allah ya karɓi ran Alhaji Babayo, ƙanin marigayi mijina, a gidansa da ke unguwar Nzeng-Ayong a Libreville, ƙasar Gabon, bayan zazzaɓin kwana huɗu. A kan gadonsa ya cika, matarsa Aïssatou na riƙe da kansa. Allah ya yafe mini, da labarin ya iso gare ni, hamdala ce ta riga hawaye fita. Zan faɗi dalili.

Babayo, shekara ashirin da takwas kana jan bas tsakanin Libreville da Ntoum, ko kaza ba ka taɓa takewa ba. Ni na laƙaba maka Hawainiya, sunan kuma ya bi ka har tasha. Ruwan farko na Oktoba in ya sauko, sai ka gangara gefen shingen bincike ka kashe mota, wai ruwan ya taso da baƙin man da ya kwanta a kwalta, hanya ta zama miyar kuɓewa. Fasinja su yi ta mita, kai kana tauna goro. Ba ka bin bayan motar gungume kusa. Ƙananan direbobi kuma ka sha ja musu kunne: in sun ga rassan ganye jere a kan kwalta, ba iska ce ta zubar ba, mota ce ta mutu a gaba, direbanta ya yanko ya shimfiɗa don gargaɗi.

Da yayanka ya rasu, kai ka ce kujerar gaba tawa ce duk Litinin, in kai atamfata kasuwar Ntoum. Mai naƙuda da gawa kuwa, ban taɓa ganin ka miƙa musu hannu don karɓar kuɗin mota ba.

Daga wannan kujerar na fara lura. Ka riƙa matso fuska jikin gilashi. Ka riƙa cewa, "Matar Yaya, wancan mutum ne ko kututture?" kana dariya kamar wasa. A lokacin an karya darajar sefa, taya ta ninka kuɗi, shinkafa ta ninka, bakuna bakwai na jiran motar nan. Na yi shiru, kuma shirun nan laifina ne.

Sai wata Litinin ta Oktoban bara. Ana yayyafi, mu goma sha biyar a mota, mun wuce shinge muna shan kwana. Na ga reshe na farko, ka bi ta kansa. Na biyu ma haka. A na uku na damƙe hannunka na ce, "Ganye, Babayo." Ka taka birki, motar ta yi ta sulɓi, ta tsaya. Tsakanin gilashinmu da gindin gungumen da ke kan motar da ta mutu bai fi kamu ɗaya ba. Na ga har tururuwan da ke yawo a ɓawonsa.

A Ntoum ka ja ni gefe ka ce, "Ki rufa mini asiri zuwa ƙarshen damina."

Na ce, "Asiri zan rufa. Amma daga gobe duk inda motar nan ta nufa, ina gaba."

Haka kuwa aka yi. Na bar atamfa, na zama idonka, kuma da ƙarfi. "Maigida ƙarami, akuya a dama. Rami. Tsohuwa da ayaba a kai, ba kututture ba ce." Fasinja na ta ƙyalƙyala dariya, sun ɗauka tsokanar matar wa da ƙanin miji ce da aka saba. Mu biyu kaɗai muka san babu wasa a ciki. Ka ce na fi rediyo surutu. Ka ce Allah ya jiƙan Yaya, ya yi haƙuri. Ni kuwa kowace safiya sai na sallami jikokina kamar ba zan dawo ba, ƙafata na taka birkin da babu shi a gefena.

Rana ta goma ba ka fito tasha ba. Surukinka Saliou ne ya ja motar, shi yake ja har yau. Mutane suka ce tsadar taya ce ta kore ka. Wasu suka ce binciken takardun zama ne da aka tsananta, ka gaji da tsayuwa a shinge. Ka bar su da zatonsu, ni ma na bar su. Kullum da hantsi kana bencin tasha, kana shafa tayoyin yara da tafin hannu, wadda ta suɗe ka hana ta fita.

Yau na faɗa ne don ya zama shaida a gare ka. Aïssatou ta ba ni izini. Direbobi da yawa na sani da aka kwaso a tabarma, da wasu a tare da su. Kai ka tafi babu jinin kowa a wuyanka. Rabin abokanka sun hau jirgin ruwa sun bar ƙasar a watan nan saboda rashin takardu, duk da haka sahu biyar aka yi a sallarka.

Allah ya jiƙanka, Babayo, ya haskaka kabarinka fiye da hasken da idonka ya rasa, ya sa albarkar watan nan ta lulluɓe ka. Aïssatou, Rahamatou, Amadou da sauran yara, Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da ya bari. Saliou, Allah ya tsare, ka dinga duba ganye.

Amsar kacici-kacicin, makullin mota ne. Da hannunsa ya ajiye shi a kan tabarmata, ranar Laraba bayan la'asar.

Hajiya Zeinabou, Nzeng-Ayong